Waƙa mai layi biyu: yadda ake karanta hoton da Ezra Pound ya ɗauko daga tashar jirgin Paris

A watan Afrilun 1913 mujallar Poetry da ke fita a birnin Shikago na Amurka ta buga wata waƙa ta Ezra Pound, wani mawaƙi ɗan Amurka, mai suna "In a Station of the Metro", wato a wata tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Layi biyu ce, kalmomi 14, in an haɗa da na take su zama 20. Babu aikatau ko ɗaya a cikinta. Ma'anarta da Hausa ta yi kusa da haka:

Bayyanar waɗannan fuskoki a cikin cunkoso;
Ganyayen fure a kan jiƙaƙƙen baƙin reshe.

Iyakar waƙar ke nan. Fiye da shekara 100 bayan fitowarta, har yanzu tana cikin littattafan da ake koyar da adabin Ingilishi da su a jami'o'i, kuma ɗalibin da ya fara cin karo da ita yakan yi tambaya biyu. Ta farko, wannan ma waƙa ce? Ta biyu, in malami ya ce a rubuta sharhi shafi uku a kan kalmomi 14, daga ina za a samo abin faɗi ba tare da an yi shaci-faɗi ba? Ga wanda ya tashi da rubutacciyar waƙar Hausa, mai buɗewa da sunan Allah da salati, mai baitoci rututu da kari da amsa-amo, ruɗanin ya fi yawa, domin duk alamomin da yake gane waƙa da su babu ko ɗaya a nan.

Amsar tambayoyin biyu tana wuri guda, a tsakanin layin farko da na biyu, inda mawaƙin ya cire kalmar da aka saba ɗaure magana da ita.

## Kalmomin aiki

Masu nazarin waƙar Hausa suna da kayan aikin da ake buƙata, ba sai an je aro ba. Kamantawa ita ce a ce wani abu ya yi kama da wani, a sa "kamar" ko "tamkar" a tsakani. Siffantawa ita ce a jefar da "kamar" a ce abin shi ne ɗayan kai tsaye, kamar a ce wane zaki ne. Alamtarwa ita ce a ambaci abu ɗaya a bar mai sauraro ya gane wani ake nufi, saboda jama'a sun riga sun saba da alamar. Zayyana kuwa, wadda ake kira hoto cikin bayani, ita ce a jera kalmomi yadda mai karatu zai ga abin da idon zuciyarsa, ko ya ji sanyinsa, ko ƙamshinsa.

Waƙar Pound zayyana ce, wannan babu gardama. Amma ba ta zauna daram a ɗaya daga cikin sauran ukun ba. Ba ta ce fuskokin kamar ganyen fure suke ba, ba ta kuma ce fuskokin ganyen fure ne ba. Ta ajiye wannan, ta ajiye wancan, ta yi shiru.

Gajarta ma iri biyu ce, kuma rikita su shi ne tushen yawancin kuskuren karatu. Akwai taƙaitawa, inda ake da dogon zance a matse shi ya zama ɗan kaɗan, kamar kanun labarai. Wanda ya san labarin yana iya warware shi ya koma yadda yake. Akwai kuma tsallake, inda ake cire wani sashe da gangan don mai karatu ya cike shi da kansa. Waƙar nan ta nau'i na biyu ce. Babu wani ɓoyayyen dogon zance da za a ce shi ne ainihin maganar, an dai naɗe shi.

Sai kalmar zamananci, sunan yunƙurin da wannan waƙa ta fito daga cikinsa. A adabin Turai da Amurka tana nufin wani yunƙuri da ya yi ƙarfi daga farkon ƙarni na 20 zuwa wajen Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da marubuta irin su T. S. Eliot da James Joyce da Virginia Woolf suka yi watsi da tsofaffin ƙa'idojin zubi, suka koma rubuta rayuwar manyan birane gutsure-gutsure yadda take zuwa wa ido da tunani.

## Inda salon ya samo asali

An haifi Pound a 1885 a jihar Idaho ta Amurka, ya tare a Landan a 1908. Waƙar Ingilishin da ya tarar tana ɗauke da nauyin zamanin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901: kari mai tsauri, amsa-amo dole, sifofi jere-jere, da kalmomin da ake cusawa kawai don layi ya cika ma'auni. Tun kafin ya yi suna, akwai wasu matasa a Landan, cikinsu har da T. E. Hulme da F. S. Flint, da ke taruwa suna tattauna yadda za a rage wa waƙa wannan kaya. Suna duban waƙar Faransa marar kari, suna kuma duban gajerun waƙoƙin Japan.

A 1912 Pound ya karanta wasu waƙoƙi na Hilda Doolittle, ya rubuta "H.D. Imagiste" a ƙarƙashinsu, ya aika wa Harriet Monroe, wadda ta kafa mujallar Poetry a wannan shekarar. Daga nan aka sami sunan mazhabar, Imagism, mu ce mazhabar hoto. A fitowar Maris 1913 ta mujallar, wata guda kafin waƙar tashar jirgi, aka buga ƙa'idojinsu uku a ƙarƙashin sunan Flint. Na ɗaya, a tunkari abin da ake magana a kai kai tsaye, ko na zahiri ne ko na zuci. Na biyu, kada a sa kalma ko ɗaya da ba ta ƙara wa hoton komai. Na uku, a bi tafiyar sautin magana kamar yadda makaɗi ke bin muryar waƙa, a daina ƙidayar bugu ɗaya bayan ɗaya. A wannan fitowar dai Pound ya bayyana abin da yake nufi da hoto: abin da ke kawo tunani da motsin rai a dunƙule, a cikin ƙiftawar ido. Ya gargaɗi matasan mawaƙa su guji kalmomin da ba a gani ba a taɓawa, irin su "salama" ko "baƙin ciki", idan akwai abin zahiri da zai ɗauki nauyin.

Mazhabar ba ta daɗe a hannunsa ba. Ya fitar da kundin Des Imagistes a 1914, sai Amy Lowell, mawaƙiya mai dukiya daga Boston, ta karɓi ragama ta fitar da kundaye uku a 1915 da 1916 da 1917. Pound ya janye yana yi mata ba'a. Amma ƙa'idojin sun riga sun shiga jinin waƙar Ingilishi.

Tasirin Japan a fili yake. Haiku waƙa ce mai sauti 17 da aka raba 5, 7, 5. Bisa al'ada tana da kalmar da ke nuna yanayin shekara, da kuma wata kalma da ke yanke waƙar gida biyu, ta tilasta wa mai karatu ya tsaya ya gwama ɓangarorin. Pound da kansa ya kawo misalin wata tsohuwar haiku da ake jingina wa Arakida Moritake, wanda ya rayu daga 1473 zuwa 1549. A cikinta mutum ya ga furen da ya faɗi yana komawa reshensa, ashe malam-buɗe-littafi ne. Waƙar tashar jirgi ba haiku ba ce a ƙidaya, domin a Ingilishi layinta na farko gaɓa 12 ne, na biyu 7. Abin da ta ara shi ne yankan nan na tsakiya, da furen da ke nuna lokacin bazarar Turai.

## Daga layi 30 zuwa layi 2

Pound ya ba da labarin yadda waƙar ta samu a wata maƙala da ya buga a 1914, aka sake buga ta a 1916 cikin littafinsa kan abokinsa mai sassaƙa, Henri Gaudier-Brzeska, wanda aka kashe a fagen yaƙi a 1915. Ya ce shekara uku kafin nan ya sauko daga jirgi a tashar Concorde ta Paris, sai ya ga wata kyakkyawar fuska, ya ga wata, ya ga wata, ya ga ta wani yaro, ya sake ganin ta wata mace. Ya wuni yana neman kalmomin da za su kama abin da ya ji bai samu ba. Da yamma yana tafiya gida ta titin Raynouard sai abin ya zo masa, amma a matsayin ɗige-ɗigen launi, ba magana ba.

Ya rubuta waƙa mai layi 30, ya yage ta, domin a ganinsa zafinta bai kai ba. Bayan wata shida ya yi wata mai rabin wannan tsawo. Bayan shekara guda ya iso ga layi biyu. Ya kira dabarar ɗora tunani a kan tunani, ya ce abin da irin wannan waƙa ke nema shi ne ta kama daidai lokacin da abu na waje, wanda ido ke gani, ya rikiɗe ya faɗa ciki ya zama na zuciya. Ya kuma amsa cewa ga wanda bai shiga irin wannan tunani ba, waƙar tana iya zama marar ma'ana.

Har alamomin rubutu sai da ya yi ta taɓawa. A bugun 1913 ruwa biyu ne a ƙarshen layin farko, kuma an bar sarari mai faɗi tsakanin gungun kalmomi don a nuna inda murya za ta tsaya. A kundinsa Lustra na 1916 sararin ya ɓace, ruwa biyu ya koma waƙafi mai ruwa. Wannan ba ƙaramin canji ba ne. Ruwa biyu yana cewa ga bayanin abin da aka faɗa, wato layi na biyu yana yi wa na farko hidima. Waƙafi mai ruwa yana ajiye layukan kafaɗa da kafaɗa, babu ubangida babu bara.

## Abin da ke cikin layukan

Take shi ne layin farko na gaskiya. In aka cire shi babu jirgi, babu ƙarƙashin ƙasa, babu birni, sai cunkoson da zai iya zama na kowace kasuwa. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris ya fara aiki a 1900, don haka lokacin da Pound ya sauka a Concorde sabon abu ne: rami mai fitilun lantarki, inda mutanen da ba su san juna ba ke gogar kafaɗa na 'yan daƙiƙoƙi su watse. Take ya sa mai karatu a cikin wannan duhu kafin a nuna masa komai.

Layin farko bai ce fuskoki kawai ba, ya ce bayyanarsu. Kalmar Ingilishin da ya zaɓa tana da fuska biyu, tana nufin ɓullowar abu kwatsam, tana kuma nufin fatalwa. Dukan saɓanin da za a zo gare shi a gaba ya rataya a kan wannan. Sannan ya ce "waɗannan" fuskoki, kamar mai nuni da yatsa, alhali bai siffanta ko ɗaya ba. Babu launi, babu shekaru, babu mace ko namiji. Kyawun da ya ambata a maƙalarsa bai shigo waƙar da sunansa ba. An bar wa fure ya ɗauke shi.

Layi na biyu ya fita daga rami zuwa sarari. A Turai da Japan akwai itatuwa, irin su ceri, da ke yin fure a farkon bazara kafin ganye ya fito, a lokacin da ruwan sama ke jiƙa ɓawon ya yi baƙi. Wanda ya taɓa ganin gurjiya da hunturu, ta zubar da ganye sai jan fure a kan tsirarun rassa, ya san tsarin hoton, sai dai nan furen fari-fari ne ko mai ɗan ja, reshen kuma a jiƙe. Lura da cewa bai ce furanni ba, ya ce lallausan ganyen da ke jikin furen. Wannan ya buɗe tambayar da waƙar ba ta rufe ba: furen yana nan da ransa a jikin reshe, ko ruwa ne ya kakkaɓe ganyayen suka manne a ɓawo? In na farko ne, hoton tohowa ne. In na biyu ne, hoton abin da ya fara mutuwa ne.

Idan aka jera layukan, lissafi mai sauƙi yana fitowa. Fuskoki su ne ganyayen fure, masu haske, ƙanana, da yawa, masu rauni. Cunkoso shi ne reshe, mai duhu, dogo, guda ɗaya. Wasu na ganin reshen shi ne dandamalin tasha, ko jirgin kansa, ko ramin da ke rarrabuwa kamar rassa. Duk suna shiga, domin duk dogaye ne masu duhu. Amma kalma ɗaya ta rage ba ta da abokiya: jiƙaƙƙe. Babu ruwa a layin farko. Wannan kalmar ce ke hana waƙar zama lissafi zalla. Ita ce ta kawo sanyi, da sheƙi, da labarin ruwan da aka yi aka ɗauke, ita ce kuma dalilin da ya sa ganye zai manne. Mai sharhin da ya daidaita fuska da fure, cunkoso da reshe, ya tsaya nan, ya bar kalmar da ta fi kowace aiki.

Rashin aikatau ma yana da sakamako. Aikatau ke kawo lokaci, ya ce an yi, ana yi, ko za a yi. Tasha wuri ne na motsi, amma a waƙar babu abin da ke motsi. An tsayar da agogo. A sautin Ingilishinta kuwa, layin farko yana gudu da kalmomi masu gaɓoɓi da yawa, na biyu ya ƙare da kalmomi uku masu gaɓa ɗaya ɗaya, kowace da nauyinta, dole murya ta rage sauri. Kalmomin da suka rufe layukan biyu suna da sautin "au" iri ɗaya, wani rabin amsa-amo da kunne ke ji ko bai lura ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga magana marar aikatau da ke ɗora abu kan abu. "Kano tumbin giwa" haka take. Bambancin shi ne a kirari jama'a sun riga sun yarda da abin da ke haɗa biyun, wato girma da yalwa. Kacici-kacici ma hoto ne: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A nan an ba da hoto an ɓoye abin, da zarar wani ya ce tsintsiya wasa ya ƙare. Pound ya ba da abin, ya ba da hoton, ya ɓoye igiyar da ta ɗaure su. Shi ya sa babu amsa guda da za a faɗa a tashi.

## Inda masu nazari suka rabu

Karatu na farko, wanda ya fi yaɗuwa, yana bin labarin mawaƙin. Waƙar murna ce da kyau da ya ɓullo a inda ba a zata ba. Birni da injuna da cunkoso ba su kashe kyawun ɗan Adam ba, yana tohowa a kansu yadda fure ke tohowa a baƙin reshe. Ƙarfin wannan karatu shi ne ya dace da abin da Pound ya ce ya gani. Rauninsa shi ne yana wucewa ta kan ma'anar fatalwa kamar babu ita.

Karatu na biyu ya kama wannan ma'ana. Hugh Kenner, a littafinsa The Pound Era na 1971, ya lura cewa wannan taro ne da aka gani a ƙarƙashin ƙasa, kamar yadda jaruman tatsuniyoyin Girka suka sauka duniyar matattu suka ga taron inuwoyi. A waɗannan tatsuniyoyi akwai Persephone, wadda ke yin wani ɓangare na shekara a ƙarƙashin ƙasa, in ta fito sai tsirrai su toho. Pound ya san adabin Girka sosai, kuma babbar waƙarsa The Cantos da saukar Odysseus wurin matattu ta fara. A wannan karatu fuskokin farare ne fat, sun bayyana za su ɓace, ganyen fure kuma ba ya kwana da yawa. Masu suka suna cewa an shigo da kaya masu yawa daga waje, domin babu sunan Girka ko ɗaya a kalmomi 20 ɗin.

Karatu na uku na zamantakewa ne. Yana kallon waƙar a matsayin shaida kan rayuwar babban birni, inda mutum ke zama fuska marar suna. Ganyayen fure duk kama ɗaya suke, ba a bambanta wannan da wancan. Wasu masu wannan ra'ayi suna ƙarawa da cewa mawaƙin ya mai da mutane kayan kallo, ya cire musu jiki da murya da aiki, kuma kwatanta mata da fure tsohon abu ne da ba ya buƙatar wata sabuwar mazhaba. Wannan suka tana da gindi, sai dai rabinta a kan maƙalar take, domin waƙar ba ta ambaci mata ba.

Akwai kuma masu shakkar al'amarin baki ɗaya. A ganinsu darajar waƙar daga labarin da ke kewaye da ita ta zo, da sunan mai ita, da malaman da suka yi ta nanata ta. Da wani ɗalibi ne ya rubuta, in ji su, da an ce bai gama ba. Masu kare ta suna amsawa da gwaji mai sauƙi: a canja kalma ɗaya, a ce "busasshen reshe", ko a sa "kamar" a tsakani, a ga abin da ya rage. Da "kamar" waƙar ta zama jimla mai kyau da za a karanta a wuce.

A ƙarƙashin duk wannan akwai tsohuwar gardama kan ko maganar marubuci ita ce hukunci. A 1946 W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley suka rubuta maƙalar da ta yi tasiri, suna cewa niyyar marubuci ba ma'auni ba ce, abin da ke kan takarda shi ne abin dubawa. Wasu masana suna ganin wannan ya yi tsauri, musamman ga waƙar da mai ita ya bar bayani dalla-dalla. Matsayin da ya fi sauƙin karewa shi ne a ɗauki labarin Pound a matsayin shaida ɗaya cikin shaidu. Ya faɗi abin da ya gani a 1911. Abin da ya rubuta bayan shekara ɗaya da rabi yana gogewa ya ɗauki fiye da haka.

Tambayar halin mawaƙin ma takan taso. Pound ya goyi bayan mulkin Mussolini na Italiya, ya yi jawabai na ƙin Yahudawa a rediyon Roma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kama shi a 1945, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali a Washington har 1958. Ya mutu a Venice a 1972. Wannan tarihi ne da bai kamata a ɓoye wa ɗalibi ba, amma waƙar ta riga shi da shekaru masu yawa, kuma babu abin da ke nuna shi a layukan.

## Iyakar fassara

Cewa waƙar tana karɓar karatu fiye da ɗaya ba ya nufin tana karɓar kowane karatu. Gajartar da ta buɗe ƙofa ita ce kuma ke tsaron ƙofar, domin kalmomin kaɗan ne, ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya a ga wanda fassara ta tsallake. Fassarar da ta yi bayanin fure ta manta da baƙi ta gaza. Wadda ta yi bayanin duhu ta manta cewa fure abin sha'awa ne ita ma ta gaza. Wadda ke buƙatar abin da babu shi, kamar masoyiyar da ta gudu ko haɗarin jirgi, ƙirƙira ce.

Tarihi ma yana yanke wasu. Ɗalibai kan ce fuskokin na sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya ne. Waƙar ta fito a Afrilun 1913, yaƙin ya ɓarke a tsakiyar 1914. Mai karatu na yau yana da 'yancin tuna yaƙin in ya karanta, amma ba zai ce a kansa aka rubuta ba.

## Wani irin tsallake

Shekara goma bayan haka, a 1923, William Carlos Williams, likita a garin Rutherford na jihar New Jersey kuma abokin Pound tun suna ɗalibai, ya buga waƙar da aka fi sani da "The Red Wheelbarrow", kalmomi 16. Tana cewa abubuwa da yawa sun dogara ga wani jan baro, wanda ruwan sama ya sa yake sheƙi, a gefen fararen kaji. A nan babu hoto na biyu da aka ɗora. Baro baro ne, kaji kaji ne. Abin da aka cire daban ne: ba a faɗi mene ne ya dogara ga baron ba. Don haka dabarar da ta buɗe waƙar Pound, wato neman igiya tsakanin hotuna biyu, ba za ta buɗe wannan ba. Mai karatun da ya dage sai baro ya zama alamar jini ko juyin juya hali ya yi wa waƙar abin da mawaƙin ke gudu. A gajeriyar waƙa tambayar farko ita ce wane abu aka cire, tunda ba abu ɗaya kowa ke cirewa ba.

## Ga ɗalibi, malami da mai rubutu

Ga ɗalibin da ke fuskantar jarrabawa, musamman inda ake kawo waƙar da bai taɓa gani ba a ce ya yi sharhi, amfanin wannan a aikace yake. Maki yana wurin nuna hujja daga kalmomin, ba wurin tsawon amsa ba. Ya fara da take, ya faɗi abin da ido ke gani a kowane layi kafin ya je ga ma'ana, ya nemi inda waƙar ta yanke, ya lura da alamar rubutu da ke wurin, sannan ya kawo karatu biyu in kalmomin sun ba da dama, ya nuna wace kalma ce ke ɗauke da kowanne.

Ga malami matsalar ta fi wuya. Tsarin gyaran jarrabawa yana son amsa ɗaya, kuma hanyar da aka saba feɗe waƙa da ita tana farawa da neman jigo a cikin jimla guda. Waƙar wa'azi ko ta siyasa takan faɗi jigonta da bakinta tun a baitocin farko. Wannan ba ta faɗa. Malamin da ya rubuta a allo cewa jigon waƙar shi ne kyau a cikin birni, ya sa a haddace, ya mai da ita kacici-kacici. Wanda ya ce kowa ya faɗi abin da ya ga dama shi ma ya bar ɗalibai ba ma'auni.

Ga matasan da ke rubuta gajerun waƙoƙi da Hausa suna sawa a Facebook da WhatsApp, inda allon waya ke son abu ɗan kaɗan, tsarin yana da jan hankali, haɗarinsa kuma shi ne a ɗauka gajere yana nufin mai sauƙi. Yawancin gajerun rubuce-rubucen da ke yawo nasiha ce da aka karya layi-layi, cike da kalmomi irin su rayuwa da ƙauna da haƙuri, wato ainihin abin da 'yan mazhabar hoto suka ce a guje wa. Akwai kuma tambayar da Hausa ke da ita wadda Ingilishi bai damu da ita sosai ba. A Hausa waƙa abin rerawa ce, har rubutacciya ana auna ta da kunne. Waƙar da rabin aikinta ke kan take da waƙafi mai ruwa an yi ta ne don ido. Mai son kawo wannan salo cikin Hausa sai ya samo abin da zai riƙe yankan nan na tsakiya idan an ɗaga murya, ko numfashi ne, ko faɗuwar karin sauti, ko tsarin ɓangare biyu irin na karin magana, inda mai magana kan faɗi rabi ya bar mai sauraro ya ƙarasa.